Jan Layin Jirgin Saifu

Aba, 29 ga Afrilu

Yaya Malam Abdulganiyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hamsatu da duk mutanen gida. Ya ƙafar taka? Ni dai ga ni nan, hawan jini yana hawa yana sauka yadda ya ga dama. Damina ta sauka a nan, rufin ɗakina kuma bai ga wurin yoyo ba sai daidai kan gado.

Na rubuto ne saboda sau uku ina kiranka, sau uku kana kashe waya da zarar na ambaci sunan ɗanka. Takarda ba a kashe ta. Albashir mai motar albasa zai ba ka ita hannu da hannu, na kuma roƙe shi ya tsaya har ya ga ka buɗe.

Ranar Alhamis shugaban makarantarmu ya kira ni ofis. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da makullan sito a makarantun gwamnati, ba a taɓa kirana kan ɓatan ko guntun alli ba. Ya miƙo min sammaci daga kotu, can gida. Zama biyu aka yi Saifuddeen bai je ba. An ce wanda ya tsaya masa ya kawo shi ranar Litinin, 24 ga Yuni, in ba haka ba a tsare mai tsayawar. Shugaban yana kallona ta saman tabarau, ni kuma ina kallon takalmina kamar yaron da aka kama da ƙwan kaza a aljihu.

Bari in tuna maka, tunda a wannan magana kaɗai tsufa ya kawo maka mantuwa. Watan Disamba, ranar kasuwar Dole Kaina, jirgin Saifu ya kife a gulbin Kwara. Allah ya sa kusa da gaɓa ne, masunta suka tsamo kowa sai mutum ɗaya: Atika mai kifi, matar Namadi, uwar yara uku. 'Yan sanda suka kama Saifu kan ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida. Ni kuma tsautsayi ya sa na zo hutun ƙarshen shekara. Ka same ni ɗaki bayan azahar, ka zauna a ƙasa, kai da ba ka taɓa zama ƙasa gabana ba, ka ce kotu ba ta ba da beli sai ga ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma. Duk zuriyar mahaifinmu Malam Babba aka duba, ba kowa sai ni. Ni ɗin nan da kuka daɗe kuna kira ɗan boko mai cin albashin Nasara. Ranar dai albashin Nasara ya yi daɗi.

Na ba da hotona, na ba da katin aikina, na sa hannu. Alƙali ya tambaye ni, ka san abin da kake ɗauka? Na ce na sani. Kana tsaye bayana kana ta Allah shi yi albarka.

Saura wata bakwai in yi ritaya, Yaya. Ma'aikacin da aka kulle ba ya fita ya tarar da kujerarsa, fansho kuwa sai dai ya ji ana labarinsa. Na ci shekaruna a garin da ko kiran salla sai na kasa kunne nake ji, matata ta rasu a nan, na raka gawarta gida cikin motar haya. Abin da ya rage min kawai shi ne in fita da sunana fari. Shi ne kuka ɗauka kuka jefa gulbi.

Ba roƙo nake ba. Ina Saifu? Ka kawo shi.

Ƙanenka,
Bunyaminu

Illo, 1 ga Zulƙida

Da sunan Allah. Zuwa ga ƙanena Bunyaminu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, sai godiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, da sanda nika zuwa masallaci. Hamsatu na gaishe ka, tac ce ka rage gishiri.

Takardarka ta iso da wari biyu, na albasa da na rashin kunya. Na albasan ya fita.

Kana maganar abin da ya mutu. Juma'ar da ta gabaci azumi, Namadi ya miƙe cikin masallaci, gaban mutum ya fi arba'in, yac ce ya yafe jinin matarsa duniya da lahira. Ba wanda ya sa mishi wuƙa a wuya. Munka yi fatiha, anka shafa, kowa ya watse. Mai haƙƙi ya yafe, to wane ne alƙali? Shi ya auri Atika?

Abin da ya rage kan Saifu shi ne na Ubangiji, kuma shi yake biya. Wanda ya yi kisan kuskure azumin wata biyu a jere ke kansa, ka sani in boko bai wanke maka kai ba. Ya ɗauka tun uku ga Shawwal, cikin wanga zafi da ko jaki ke neman inuwa. Yana Madekali, gidan kawunsa Muhammad Sani. Uwarsa ta je ta gano shi, tac ce wuyansa ya koma kamar na zalɓe. Wannan shi ne tuba, ba zama kan benci ana kiran lamba ba.

Kuma ka bar cewa gudu. Yaro ya tahi gidan kakanninsa, ka ce gudu? Can anka haifi uwarsa, can muke kai gawa, su ma nan suke kawo amarya. Turawa biyu sunka zauna da fensir sunka ce nan Najeriya, can Dahome. Kwara ta ji? Ta tsaya a nuna mata takarda?

In an kai shi kotu mi za a ƙara? A kulle shi da ɓarayin shanu, ya fito ya iya abin da bai iya ba. Atika ta dawo? Kwananta ya ƙare. Da tana kan gadonta ranar, da can mutuwa za ta iske ta.

Ga shawara, in ƙane na jin shawarar wa. Ka zo ranar, ka ce ka nema ba ka gani ba, ba ka san inda yake ba. Ai da idonka ba ka gan shi ba. Su ja, su ɗage, su gaji. Takarda ce, takarda kuwa gara na cin ta. Na ga shari'ar da ta girmi Saifu tana barci cikin kabad.

Abin da ke ba ni tausayi, Bunyaminu, shekara talatin da huɗu a kudu sun sa ka fi tsoron mutum mai baƙar riga bisa ga tsoron Wanda ya halicce shi. Ɗan ɗan'uwanka ne. Kai ka yanka ragon sunansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas. Fansho kake wa kuka? Wanda ya ciyar da kai cikin cikin Inna ba ofis gare shi ba.

Allah shi shirye mu baki ɗaya.

Wanka,
Abdulganiyu, limamin Unguwar Masunta

Aba, 18 ga Mayu

Yaya Malam,

Salamu alaikum. Ina gaida Yaya Hamsatu, ka ce mata na rage gishirin, takardar mijinta ce ta mayar da jinin sama. Sai da na kwana biyu kafin na ɗauki biro.

Da hannunka ka rubuta min sunan gari da sunan mai gida, sannan a ƙasa ka ce in ce ban sani ba. Liman! Ka san abin da suke miƙa wa musulmi a kotu kafin ya buɗe baki? Alƙur'ani. Ba wani daban Bature ya buga musu ba, irin wanda ke cikin gafakarka ne, har sai sun tambaya ko mutum yana da alwala. Ina shekara tara ka zane ni da tsumagiya a bayan rumbu don na ce ba ni na sha nonon Inna ba. Har yau tabon yana cinyata. Kai ka biya min ayar cika alƙawari, ka sa na maimaita har na haddace. Ban tuna inda ka ce ban da alƙawarin da aka yi wa gwamnati ba. In akwai wannan a littafinku na manya, ka aiko min da shafin.

Yanzu maganar yafiya. Ban ce Namadi ƙarya ya yi ba, mai yiwuwa har zuciyarsa ya yafe, Allah ya ba shi lada. Amma bayan wa yake salla sau biyar a rana? Mutum arba'in sun juyo suna kallonsa, liman na zaune kan buzu, uban yaron kenan, wane bakin ne zai ce a'a? Kuma nasa ya yafe. Na marayu uku fa, waɗanda babbansu bai kai shiga makaranta ba? Uwar da ta haifi Atika fa? Wa ya je ya tambayi Inna Mariyamu? Albashir ya ce min duk ranar zama sai ta hau babur tun daga Illo har kotun Bagudo, tsohuwa da ita. Ta zauna bencin baya da carbinta. A kira sunan ɗanka, a ji shiru, a ɗage, ta tashi ta koma. Wannan ce maganar da ta mutu?

Ka ce kwana ya ƙare. Na yarda, ba mai wuce ranarsa. To don me kake kulle awakinka da yamma? Ka bar su mana, wadda kura za ta ci an riga an rubuta.

Ni na sayi injin jirgin nan. Ni na ɗauki buroshi da jan fenti na ja layi a jikinsa, daidai inda masu kula da ruwa suka ce kada ruwa ya wuce. Na aiko da rigunan ruwa masu hana nutsewa guda ashirin daga Fatakwal. Dokar da ta ce kada a cika jirgi, wace aya ta saɓa wa? Ba salla ta hana ba, nutsewa ta hana. Sai ka ce duk abin da bai fito daga bakin malami ba na kafirai ne, ko da ran musulmi yake tsarewa.

Iyaka kuwa, kada ka sa ni dariya. Ranar rabon taki kai ɗan Najeriya ne. Ranar zaɓe katinka na aljihun gaba. Da Yaya Hamsatu ta kwanta, ba Madekali kuka kai ta ba, Birnin Kebbi kuka nufa. Sai da sammaci ya zo ka tuna fensir ɗin Bature. Ba a cin tuwon gida a ce ba a san mai gida ba.

Ba zan zalunce ka ba. Na san shari'a tana jan ƙafa, na san talaka ya fi shan wuyarta. Na ga Saifu a bayan kanta kafin beli, su wajen ashirin cikin ɗaki ɗaya, na fita na shiga bayan gida na yi kuka inda ba wanda zai gan ni. Ba ɗauri nake nema masa ba. Wani lauya maƙwabcina ya ce yafiyar Namadi da azumin nan duk abin da alƙali zai iya dubawa ne ya sassauta, in yaron ya zo da ƙafarsa. Gudun ne ke ƙara masa nauyi kullum. Na san kai uba ne, tsoro kake ji. Da tsoron ka rubuto min da na fi jin tausayinka, amma ka naɗe shi da rawani ka aiko min a matsayin fatawa.

Akwai abin da ke hana ni barci, ba fansho ba. Saifu yana kan ruwa tun yana shekara goma sha biyu. Da idona na ga ya sauke babur ɗin ɗan hakimi don ruwa ya taɓa layi, ana zaginsa yana murmushi. Na ga ya bar mace da awaki biyu a gaɓa ta jira sawu na biyu. Yaron da ake wa tsiya ana kiransa Mai Layi. To ranar me ya faru? An ce ruwa saura yatsa huɗu ya shiga ciki tun kafin a tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya yi wanga lodi, Yaya?

Bunyaminu

Aba, 9 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun, ba ciwo ba.

Sati uku ke nan. Albashir ya sauke albasa sau biyu, hannunsa wayam. Ya ce ka ce a gaishe ni. Na gode da gaisuwa, zan kai wa alƙali ita.

Na karɓi hutu. A nan zan yi Babbar Salla, ni kaɗai, in taso ranar ashirin ga wata. Ba gidanka zan sauka ba, Zagga zan kwana wurin wani abokin karatuna. Na haɗa ƙaramar jaka: maganin hawan jini, bargo, buta, carbi. In kulle ni za a yi, a kulle ni da shirina.

Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka ta baya. In an ba ni Alƙur'ani aka tambaye ni inda yake, zan ce Madekali, gidan Muhammad Sani. Na san hannunsu ba ya kaiwa can, ba abin da faɗar za ta tsinana min. Amma ba zan tafi kurkuku da ƙarya a baki ba, kaya biyu sun yi min yawa.

Ka ci gaba da ja wa mutane salla. In ka zo wurin addu'a ka sa da sunana, ka ce ƙanen da ka yi beli da shi.

Bunyaminu

Illo, 6 ga Zulhajji

Bunyaminu,

Wa alaikumus salam. Jiki lafiya. Sauran ba lafiya ba.

Takardunka biyu suna ƙarƙashin buzuna. Ka yi tambaya, na yi sati uku ina kewaya ta kamar kare da bushiya. Ga amsa.

Bara ambaliya ta cinye gonakin mutanen tungayen ƙetaren gulbi. Da kaka ta yi, na bi manomanmu gida gida na tara zakkar shinkafa, buhu goma sha ɗaya na shanshera. Na aika musu cewa ranar kasuwar Dole Kaina za ta iso, su jira a gaɓa. Da munka kai buhunan bakin ruwa jirgi ya riga ya cika. Saifu ya duba gefe yac ce, Baba, ya kai layin Baffa, bari in kai waɗanga in dawo. Mutane na tsaye, waɗanda sunka ba da zakkar na kallo. Na ji kamar yaro na gaya min ban san Allah ba. Na ɗaga murya nic ce, kayan Allah ba su nutsar da jirgi, ku loda.

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa min ba tun da anka haife shi, ni na rene shi haka, ina alfahari da abin. Anka loda.

Ba shi ke nan ba. Da Atika ta ga ruwa ya haɗiye layinka, ta miƙe da kwanon kifinta tac ce, Malam, ni dai a sauke ni. Ni na raɗa mata suna ranar bakwai. Nic ce, zauna ɗiyata, kina tare da kayan Allah. Ta yi murmushi ta zauna. Uwarta na tsaye kusa da ni, ita ta rako ta da kwanon.

Rigunanka ashirin suna sito na masallaci cikin ledarsu. Mutane sun ce zafi gare su, ni kuma na yi dariya na ce a aje.

Duk wanda ke gaɓa ya ji abin da na faɗa. Ba wanda ya gaya wa ɗan sanda. Wa zai kai sunan liman? Ni ma na bari shirunsu ya rufe ni kamar bargo. Ni na tura Saifu Madekali, ba don tsoron ɓarayin shanu ba kaɗai. Zaman da ke tafe za a tambaye shi wa ya sa a ƙara kaya.

Shekaranjiya ya cika azuminsa. Ya aiko uwarsa da saƙo: ba za a kulle Baffa saboda shi ba, zai zo ranar. Kuma zai ɗauki Alƙur'ani ya ce shi kaɗai ya yi lodi, kwaɗayin kuɗin fito ya ja shi, don kada a taɓa sunana. Yaron da na riƙe hannunsa ya rubuta harafin farko a allo. Ya yi azumin wata biyu kan laifina, yanzu zai rufe da rantsuwar ƙarya, ita ma don ni.

In ya zauna can, kai ka shiga. In ya zo, ya ƙona lahirarsa. Hanya ta uku na gan ta, ƙafata ce ta ƙi. Shekara ashirin da shida ina gaban sahu, Bunyaminu. Jiya a sallar la'asar na tsaya ban san raka'a ta nawa nike ba, sai da na'ibi ya yi tasbihi.

Ban san abin da zan yi ba. Na rubuto don ka sani kafin mu haɗu. Kada ka wahal da kanka wurin raina ni, na riga ka.

Abdulganiyu

Aba, 3 ga Yuli

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya shekaranjiya, ruwa ya jiƙa katifa sarai. Ina fata ƙafarka ta huce daga tsayuwar ranar nan. A gaida Yaya Hamsatu da Saifu, a ba shi abinci ya mayar da wuyansa.

Jiya mai gadinmu ya ba ni takardarka ta shida ga Zulhajji. Albashir ya tsaya yin salla a gida, sannan motarsa ta lalace a Jebba kwana tara. Ta iso ina hanya. Ka gane ke nan: ranar da ka miƙo min hannu a ƙofar kotu na wuce ka, ban san komai ba. Kai ka ɗauka na karanta ne na tofa maka. Fushin beli kawai nake yi. Ko da yake, gaskiya, da na karanta ma ban tabbata zan karɓi hannun ba.

Shi ya sa da Saifu ya shigo, riga na lilo a jikinsa, na ɗauka magana ta ƙare. Alƙali ya ce an sauke min nauyi, na ji kamar an cire min dutsen niƙa daga ƙirji. Sai akawu ya kawo Alƙur'ani, yaron ya miƙa hannu, na ji sanda ta bugi siminti. Ka ce, ajiye, Saifu. Ban taɓa jin muryarka ƙarama haka ba. Alƙali ya tsawata maka, ka ce kai shaida ne, a ba ka Littafin kai. Sauran ka fi ni sani. Ni dai na zauna baki buɗe da jakar kurkuku a cinya.

Kada ka jira in ce madalla. Wata shida ka bar yaro da kayanka a ka, ka bar ni da sammaci, ka kuma yi min wa'azin tsoron Allah a kai. Wannan wa'azin zai daɗe bai sauka daga maƙogwarona ba. Amma na ga mutum ya miƙe inda zama ya fi masa sauƙi, ba wanda ya tilasta shi, gari guda ma ya yarda ya rufa masa. Na kuma ji ka miƙa wa na'ibi makullan masallaci. Ka sa ya buɗe sito ya fito da rigunan nan, a kai bakin ruwa. Duk wanda ya ce zafi, a ce ya tambaye ka.

An ɗage zuwa Satumba. Lauya ya ce tunda 'yan sanda sun ɗauki bayaninka, da wuya ba a haɗa ka cikin ƙarar ba, kuma kai ma za a nemi mai tsaya maka, ɗan mataki na goma. Kada ka wahal da mutane da nema. Katin aikina na da rai har Nuwamba. Zan zo in sa hannu. Amma wallahi in ka tsallaka Madekali, da wannan ƙafar taka ba za ka yi nisa ba, ni da kaina zan goyo ka.

Saura abin da ba ka gani ba, don ka ba shi baya. Lokacin da kake faɗin abin da ka ce wa Atika, Inna Mariyamu ta bar jan carbi. Da aka tashi na same ta ƙarƙashin darbejiya tana jiran mai babur. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce Inna, kin ji da kunnenki tun ranar, me ya hana ki faɗa?

Ta ce, ni in kai ƙarar wanda ya raɗa wa ɗiyata suna? Ba bakina ya kamata ta fito ba. Zuwa nike in ga ko zai tuna.

Na ce, to yanzu kin yafe?

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, ɗana, sun yi ta zuwa suna cewa in yi haƙuri, ruwa ya ci ta. Ruwa ake yafe ma? Yau dai na samu wanda zan yafe ma, in na ga dama. Ya san ƙofar gidana.

To ka ji. Alƙali zai yanke nasa a Satumba, wannan kuwa ba a ɗage ta. Ka je. Kai kaɗai, ba rawani, ba mutum arba'in a bayanka. Ka zauna ƙasa yadda ka zauna gabana. In ta ce a'a, ka ɗauki a'arta ka koma gida da ita, kada ka ja mata aya.

Ƙanenka, har yanzu,
Bunyaminu